RABUWA CIKIN MUTUNCI: YADDA MA'AURATA ZA SU DAIDAITA AL'AMARIN DUKIYA KAFIN SAKI

Wannan jawabi ya shafi wani al'amari ne da jama'a ba su cika son a tayar da shi a fili ba, watau rabuwar miji da mata. Ba nufin Gwamnati ba ne ta ƙarfafa wa kowa gwiwar kashe aurensa. Shari'ar Musulunci da al'adun gargajiya da dokokin ƙasa duka sulhu suke fara nema, har ma sashe na 11 na Dokar Shari'o'in Aure ta 1970 ya ɗora wa alƙali nauyin ya duba ko da sauran hanyar shiri kafin ya ci gaba da sauraron ƙara. Amma akwai lokacin da iyaye da waliyyai za su yi iyakar ƙoƙarinsu, abin ya faskara, ma'auratan da kansu su ga zama ya ƙare, su kuma yarda su rabu ba da zage-zage ko tonon silili ba. Irin waɗannan mutane ake yi wa wannan bayani.

Abin mamaki shi ne, waɗanda suka rabu lafiya su suka fi sakaci da rubutu. Masu faɗa tun ran farko suke garzayawa kotu, alƙali ya yanka musu. Masu mutunci kuwa kunya takan hana su. Maigida ya ce, "Ki zauna a gidan ke da yara, ba mai tashinki." Uwargida ta ce, "Kuɗin da na ba ka ka biya ni duk ran da ka samu." Kowa ya faɗi maganarsa da zuciya ɗaya. Bayan shekara guda ko biyu sai maigida ya yi sabuwar amarya mai bukatar ɗaki, ko uwargida ta sami mai nema, ko kuwa ajali ya sauka a kan ɗayansu, magada su zo da nasu lissafi. A ranar nan babu wanda zai tambayi abin da aka faɗa a tsakar gida. Takarda za a nema, da shaidu.

Garin Dutse Alhaji, wanda ke cikin yankin Bwari a Birnin Tarayya, a kan hanyar da ta tashi daga Kubwa ta nufi Bwari, ya isa misali. Tun da aka mayar da mazaunin Gwamnati daga Ikko zuwa Abuja a watan Disamba na 1991, ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'a waɗanda hayar Garki da Wuse ta fi ƙarfinsu suka yi ta kwarara garuruwan gefe irin wannan. Ga Gwarawa 'yan asalin wurin, ga Hausawa da Fulani, ga Yarbawa da Ibo da Tibi da sauran kabilu. Sau da yawa miji da mata duka suna nema, kuma da gumin su biyu ake biyan haya ko a ɗora bulo. Dangin da za su tuna wane ne ya kawo me suna can gida, ɗaruruwan mil daga nan. A gidan haya guda ana iya samun aure iri uku, kowanne da dokarsa da kotunsa.

WANE IRIN AURE NE?

Wannan ita ce tambayar farko, domin amsarta ce ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Auren da aka ɗaura bisa Shari'ar Musulunci, a Birnin Tarayya Kotun Yanki ce ke duba shi, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a wadda Tsarin Mulki na 1999 ya kafa wa Abuja. Auren gargajiya na Kotun Gargajiya ne, kuma a al'adu da yawa mayar da dukiyar aure shi ke tabbatar da mutuwarsa. Auren rajista kuwa, watau wanda aka yi bisa Dokar Aure a ofishin magatakarda ko a majami'a mai lasisi, ba mai ikon warware shi sai Babbar Kotu. A lura, ba kowane bikin coci ne auren rajista ba. Idan ba a bi ƙa'idar Dokar Aure an karɓi takardar shaida ba, wataƙila albarka kawai aka sa wa auren gargajiya. Haka nan wanda ya yi na gargajiya, daga baya ya je rajista da matar nan tasa, to, ya shiga hannun Babbar Kotu.

Abu na biyu da ya wajaba a gane shi ne, raba ɗaki ba saki ba ne. Muddin ba a furta saki ba, ko kotu ba ta raba ba, aure yana nan da dukan nauyinsa. Ci da sha da tufafi da muhallin matar da ta koma gidan iyayenta da yardar mijinta suna wuyansa. Idan ɗayansu ya rasu a wannan tsakani, a auren Musulunci da na rajista ɗayan magajinsa ne. Mai auren rajista kuma da ya ɗauka takardar rabuwa ta sake shi, ya je ya ɗaura wani aure na gargajiya, ya aikata laifin da Dokar Aure ta yanka wa ɗaurin shekara biyar. Dokar Hana Cin Zarafin Jama'a ta 2015, wadda ke aiki a Birnin Tarayya, ta ƙara da cewa korar abokin aure daga gida da ƙarfi laifi ne mai ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, yin watsi da iyali ba abin ci kuwa mai ɗaurin da zai iya kai shekara uku.

GIDA DA FILI

Nan ne gizo ke saƙa. Kujeru da tukwane ana raba su da yamma ɗaya, amma gida shi ke kai mutane kotu shekara da shekaru, har 'ya'yan da aka yi rigimar dominsu su girma ba a gama ba.

Ƙasar Abuja ba kamar ta sauran wurare ba ce. Dokar soja mai lamba 6 ta 1976, wadda ta kafa Birnin Tarayya, ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya ƙasar yankin baki ɗaya, sashe na 297 na Tsarin Mulki kuma ya tabbatar da haka. Ministan Birnin Tarayya ne ke ba da izinin mallakar fili, kuma ana bukatar amincewarsa kafin a mayar da fili daga sunan wani zuwa na wani. Amma kowa ya san cewa gidaje masu yawa a Dutse Alhaji da makwabtanta an gina su ne a filayen da aka saya hannun masu gona, da 'yar takardar ciniki mai hatimin mai unguwa. Wannan takarda ba ta zama mallaka a idon Gwamnati ba. Duk da haka kada a raina ta, domin tsakanin miji da mata ita ce babbar shaidar wanda ya biya kuɗi. Saboda haka masu rabuwa su fito da ita su duba sunan wa ke ciki. Idan kuwa akwai takardar Gwamnati, a je ofishin AGIS, wanda ke riƙe da rajistar filayen Abuja, a bincika a tabbatar ba a jinginar da ita a banki ba.

Shari'o'i biyu na Kotun Ƙoli sun isa darasi. A 1992 kotun ta yanke hukunci a kan wata mata da mijinta ya sayar da gidan da suke zaune. Matar ta ce gidan nasu ne su biyu, domin ita ta biya leburori da yashi lokacin gini. Kotu ta ce ba ta kawo bayanin nawa ta kashe ba, balle hujjar da za ta nuna rabonta, sai ta rasa gidan. A 2008 kuma aka kawo rigimar wani fili a nan Abuja tsakanin miji da mata da zamansu ya lalace. Takardar mallaka da sunan matar ta fito, mijin yana cewa shi ne mai fili na gaskiya. Kotun Ƙoli ta tabbatar wa matar. A shari'ar farko mace ta faɗi, a ta biyu namiji ya faɗi, kuma abin da ya kayar da su ɗaya ne: abin da suke faɗa da baki ba ya cikin takarda.

To, ga misali. A ce wani ma'aikaci ya sayi fili a Dutse Alhaji da sunansa, matarsa kuma mai ɗinki ce, ta kwashi adashinta sau biyu ta sayi kwano da siminti, ta sayar da sarƙarta aka haƙa rijiya. Yanzu sun yarda su rabu. Tambayar da za su amsa tun suna ganin mutuncin juna ita ce: kuɗin nan nata kyauta ne, ko rance, ko kuwa hannun jari ne a cikin gidan? Idan kyauta ce, ta faɗa da bakinta gaban shaidu. Idan rance ne, a rubuta adadinsa da ranar biya. Idan tarayya ce, a rubuta kason kowa, a kira masanin kimar gidaje ya yi wa gidan kuɗi, sannan a zaɓi ɗaya: ko a sayar a raba, ko ɗaya ya fanshi rabon ɗayan, ko a bar uwa da yara a ciki har zuwa lokacin da aka ambata. Kalmar "har abada" da "sai yadda hali ya yi" ba su da amfani a takarda. A rubuta shekara, ko a rubuta sharaɗi bayyananne, kamar ranar da ƙaramin yaro ya gama sakandare. Tun da yake kuma gidan ba shi da takardar Gwamnati, hankali ya ce a rubuta wanda zai bi sawun neman ta, da sunan da za a sa, da yadda za a raba hasara idan rusau ya biyo ta kansa, da yadda za a raba abin da aka biya in an biya wani abu.

Masu zaman haya nasu da sauƙi. A duba sunan da ke kan rasit, a san watannin da suka rage, a sanar da mai gida a rubuce wanda zai ci gaba da zama da wanda zai biya kuɗin shekara mai zuwa.

ABIN DA SHARI'AR MUSULUNCI TA TANADA

Kotunan Arewa da na Abuja mazhabar Malikiyya suke bi, da littattafanta sanannu irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa. A wannan tafarki aure ba ya gama dukiyar miji da ta mata. Abin da mace ta samu ta hanyar gado ko sana'a ko albashi nata ne ita kaɗai. Sadaki nata ne, kuma idan akwai ragowar da ba a biya ba, bashi ne a kan miji wanda saki ba ya kayar da shi. Kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata nata ne. Idan aka yi jayayya a kan wani kaya ba shaida, alƙali yakan ba mace abin da aka saba na mata ne, ya ba namiji abin da aka saba na maza ne, kowa da rantsuwa. Amma wannan ƙa'ida an tsara ta ne tun zamanin tabarma da tasoshi. Firiji da janareta da mota, na maza ne ko na mata? Gara ma'aurata su raba da kansu da su bar wa rantsuwa.

Idan miji ne ya yi saki na kome, ciyarwa da muhalli suna kansa har idda ta cika, watau tsarki uku, ko wata uku ga wadda ba ta jini, ko haihuwa ga mai ciki. A cikin iddar nan akwai gado tsakaninsu. Idan sakin yankakke ne, tana da muhalli har ƙarshen idda, ciyarwa kuwa sai in tana da ciki. Akwai kuma kyautar rarrashi da malamai ke kira mut'ar saki, wadda ake so miji ya bayar gwargwadon ƙarfinsa. A Malikiyya alƙali ba ya tilasta ta, shi ya sa mutane da yawa ba su ma san da ita ba, alhali kuwa mai son rabuwa ta mutunci nan ne zai nuna shi.

Idan kuma mace ce ke son fita, hanyarta hul'i, watau ta fanshi kanta da abin da suka daidaita, yawanci sadakin da aka ba ta. A nan ake samun zalunci iri biyu. Wani miji yakan tsawwala, ya lissafa lefe da kuɗin biki har da goron ɗaurin aure. Wani kuma shi ke son rabuwar, amma sai ya ƙuntata wa matar har ta gaji ta nemi hul'i, don ya tsira da sadaki. Malikiyya ta toshe wannan ƙofa: macen da ta tabbatar cewa cuta ce ta sa ta fanshi kanta, saki ya tabbata, kuma a mayar mata da abin da ta bayar.

MASU AUREN RAJISTA

Dokar 1970 dalili ɗaya ta sani na raba aure, shi ne auren ya lalace yadda ba ya gyaruwa. Daga cikin hanyoyin tabbatar da haka akwai zama a rabe shekara biyu a jere idan ɗayan bai ƙi a raba ba, ko shekara uku ko da ya ƙi. Ke nan masu rabuwa ta lalama suna da aƙalla shekara biyu a gabansu suna miji da mata a idon doka, kowa a gidansa. Shekara biyu ba kwana biyu ba ce. Takardar yarjejeniya ita za ta riƙe su a wannan tsakani, kuma ranar rabuwa da aka rubuta a cikinta za ta zama shaida in an je kotu.

Sashe na 70 da 71 da 72 na dokar sun ba Babbar Kotu ikon yanka kuɗin ciyarwa, da riƙon yara, da raba dukiya yadda ta ga adalci ne. Ba a rubuta ko'ina cewa rabi da rabi ake yi ba, kamar yadda wasu ke ji a labarin ƙasashen Turai. Yarjejeniyar ma'aurata ba ta ɗaure hannun kotu, amma alƙali yakan karɓe ta idan ya ga ba a cuci kowa ba. Daidaitawa a kan dukiya halal ce. Abin da doka ta hana shi ne a haɗa baki a yi wa kotu ƙarya, kamar a ƙara shekarun rabuwa don a gaggauta. Hukuncin farko na wucin gadi ne, sai bayan wata uku yake tabbata, kuma kafin nan ba mai ikon sake aure.

HAKKIN YARA DA BASUSSUKA

Hakkin yara ba na iyaye ba ne balle su yafe wa juna shi don a rabu lafiya. Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta sa maslahar yaro gaba da kome. A Malikiyya reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, sai in uwar ta yi wani aure ko wani dalili ya gitta, reno ya koma ga kaka ta wajen uwa da masu bi mata. Ciyarwa kuwa ta uba ce ko a hannun wa yaran suke. A rubuta adadin kuɗin wata da ranar biya, a riƙa turawa ta banki don ya bar sawu. A ambaci kuɗin makaranta da magani da kayan salla ko na Kirsimeti daban, a kuma yarda za a sake duba adadin kowace shekara, domin abin da ya ciyar da yara uku bara ba lalle ya ciyar da su bana ba.

Bashi kuma yakan ɓuya har sai an rabu. Wanda ya tsaya wa abokin aurensa lamuni a banki ko a ƙungiyar gama kai, saki ba ya sauke masa wannan nauyi. Mai bin bashi sa hannu ya sani. Asusun haɗin gwiwa a rufe shi, ko a sauya ƙa'idarsa ta zama sai da hannu biyu. A lissafa adashin da ba a gama zubi ba, da shagon da aka yi wa rajista da suna biyu. Ma'aikaci kuma ya koma ofishinsa da kamfanin fanshonsa ya duba sunan da ya bayar na wanda za a nema in ta Allah ta kasance, ko da yake wannan suna shi kaɗai ba ya mai da mutum magaji.

RUBUTAWA DA KAI WA KOTU

Rubuta bashi ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, aya ta 282 ta Suratul Baƙara a kansa ta sauka. Takardar ta ƙunshi cikakken suna, da irin auren, da ranar rabuwa, da jerin dukiya da bashi ba ɓoye-ɓoye, domin dukiyar da aka ɓoye tana iya rushe yarjejeniyar duka ran da ta bayyana. A sami shaidu biyu amintattu, zai fi kyau ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga na mata. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa da harshen da yake ji kafin ya dangwala yatsa, marubucin kuma ya sa sunansa da adireshinsa ya shaida an yi haka. Kada lauya ɗaya ya tsaya wa duka biyu idan akwai gida ko dukiya mai yawa. Kowa ya riƙe kofinsa, a ajiye na uku wurin waliyyi.

Sannan a kai ta gaban alƙali. Takardar da ke cikin akwati alkawari ce kawai, wanda aka saɓa wa sai ya shigar da sabuwar ƙara. Wadda kotu ta karɓa ta mayar hukunci kuwa ana zartar da ita da ƙarfin doka, har Dokar 1970 ta yarda a umarci wurin aikin mutum ya riƙa cire kuɗin ciyarwa daga albashinsa. Mazauna Dutse Alhaji suna da kotuna kusa da su a Kubwa da Bwari. Babbar Kotun Birnin Tarayya tana da zauren sulhu da ta buɗe a 2003, inda masu shiga tsakani ke zama da ɓangarori biyu a asirce. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi Hukumar Taimakon Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi.

Wasu sukan ji tsoron cewa rubuta takarda zai toshe hanyar komawa. Ba haka ba ne. Masu auren rajista da suka koma zama tare don gwaji, idan zaman bai wuce wata shida ba jimla, dokar ba ta rushe lissafin shekarun rabuwarsu, sai dai ba a ƙidaya watannin da suka yi tare. Mai sakin kome yana iya mayar da matarsa cikin idda ba da sabon sadaki ba. Idan idda ta cika, sai da yardarta da waliyyi da shaidu da sabon sadaki. Idan an shirya, a koma wurin shaidun nan a rubuta cewa an janye yarjejeniyar, a kuma bayyana matsayin abin da aka riga aka miƙa, musamman fili ko gidan da aka sauya wa suna.